Shin ƙashi da katantanwar da mutanen bakin teku na da can suka zubar za su iya faɗin yadda muhallinsu yake?

Tambaya: Malam, ni malamar labarin ƙasa ce a makarantar sakandare. Na sha karanta cewa masu tonon tarihi suna duba ƙasusuwan dabbobi da ɓawon katantanwa a kufan mutanen da suka zauna bakin teku shekaru dubbai da suka wuce, sai su ce wai a lokacin ruwan tekun ya fi na yanzu ɗumi, ko wai wurin da yake daji yau fili ne a da. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ƙashi zai faɗi yanayi, na kasa ba su amsar da ni kaina na gamsu da ita. Da gaske ne, ko shaci-faɗi ne aka yi wa kwalliya?

Amsa: Malama, da gaske ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ya kamata ɗalibanki su fara riƙewa. Abin da muke tonowa juji ne. Kafin ƙashi ya isa juji sai da wani ya fita farauta ko su, ya zaɓi abin da yake so, ya ɗauko abin da zai iya ɗauka, aka dafa, aka ci, kare ya ɗauki rabonsa, ƙasa ta cinye nata. Ki ce musu su yi tunanin wani ya zo bayan shekara 1,000 ya tona jujin wata unguwa a Kano ko Damagaram. Zai tarar da ƙayar kifin ƙanƙara da aka kamo a Tekun Atilantika, ba zai tarar da ƙashin ungulu ko na ƙadangare ba sai nadiran, alhali ga su nan birjik a gari. In ya yi gaggawa sai ya rubuta cewa teku ta taɓa zuwa Kano, kuma babu ƙadangaru a ƙasar Hausa. Aikinmu duka shi ne raba abin da muhalli ya bayar da abin da hannun mutum ya zaɓa.

Dalilin da ya sa jujin bakin teku ya fi sauran daraja a wurinmu abu ne na sinadari. Ƙasa mai tsami tana narkar da ƙashi cikin 'yan ɗaruruwan shekaru. Ɓawon kawa da na katantanwa kuwa kusan zallar sinadarin alli ne, yana kashe tsamin ƙasa. Saboda haka duk abin da ya faɗa cikin tarin ɓawo sai ya tsira, har ƙayar kifin da ba ta kai tsinken sakace kauri ba.

Bari in fara da Denmak, don a can aka haifi wannan ilimi. A gaɓar arewacin ƙasar akwai dogayen tudun ɓawon kawa da mutane suka daɗe suna ɗauka tsohon bakin teku ne da ƙasa ta ɗaga sama. A 1848 aka kafa kwamitin mutum uku a Kofanhagan: Forchhammer masanin duwatsu, Steenstrup masanin dabbobi, da Worsaae masanin kayan tarihi. Hujjar da suka kawo har yau tana ba ni sha'awa don sauƙinta. In igiyar ruwa ce ta tara ɓawo, za ki ga manya da ƙanana har da jarirai a cakuɗe, sun goge sun yi sulɓi. Waɗannan kuwa kusan duk manya ne, irin waɗanda ake ci, kuma nau'o'in da ba sa zama wuri ɗaya a cikin ruwa ga su a haɗe. Ga toka, ga duwatsun murhu, ga wuƙaƙen ƙanƙarar dutse, ga ƙashin da aka fasa don ɓargo. Suka ba tudun suna da harshensu, ma'anarsa jujin madafa. Wanda ya fi shahara shi ne na Ertebolle a gaɓar Limfjord, da aka tona daga 1893 zuwa 1897. Tsawonsa ya kai mita 140, faɗinsa wajen mita 20, kaurinsa a wasu wurare ya kusa mita 2. Da sunansa ake kiran mafarautan da suka rayu a yankin daga kimanin shekara 7,400 zuwa 5,900 da suka wuce.

Steenstrup ya lura cewa ƙasusuwan duk an gwigwiye bakunansu masu laushi, na tsuntsaye kuma sandar tsakiya kawai ta rage. Maimakon ya zauna yana hasashe, sai ya samo karnuka ya ba su ƙashi, ya duba abin da suka rage. Ya zo daidai da na jujin. Ke nan mutanen suna da kare, kuma ke nan duk ƙidayar da za a yi wa ƙasusuwan nan ƙidaya ce ta abin da kare ya bari.

To me jujin ya ce game da muhalli? Kawar Turai tana son ruwa mai gishiri sosai, mai gudu, mai ɗan ɗumi da bazara. An same ta jibge a bakin mashigai da yau ruwansu ya yi salam, kawa ba ta iya rayuwa a ciki. Wannan shaida ce mai ƙarfi, don ba wanda zai ɗauko miliyoyin kawa daga nesa a kan kansa. An sami ƙashin barewar Turai manya da ƙanana da na aladen daji, dabbobin kurmi ke nan. An sami ƙashin wata babbar kazar daji da ke cin ganyen itacen fain, itacen da daga baya ya ƙare a dazukan Denmak, wanda Steenstrup ya riga ya ga kututturansa a binne cikin fadamu. An sami ƙashin kwasakwasa irin wadda yau sai kudu maso gabashin Turai take ƙyanƙyasa. Daga baya wata masaniyar ƙashin kifi, Inge Enghoff, ta tsinto ƙayar wasu kifayen ruwan ɗumi, irin na kudancin Turai, a cikin jujin nan. Kwasakwasar da kifayen nan sun nuna bazarar lokacin ta ɗara ta yanzu zafi da kusan digiri 2. Amma ga abin da ke hana mutum yin baki biyu: kifin kod, ɗan ruwan sanyi, wanda ake busarwa a Norway a kawo kasuwannin Najeriya, yana nan da yawa a jujin duk da ɗumin. Akwai kuma ƙashin wani babban tsuntsun teku mara tashi, mai kama da fengwin, wanda aka kashe na ƙarshensa a tsibirin Eldey na Aisland a 1844. Ba don juji ba, da wuya a san ya taɓa yawo a ruwan Denmak.

Yanzu ga inda rigima take, kuma ita nake so ki kai aji. A jujin Norsminde na Denmak, a shimfiɗar can ƙasa, wato mafi tsufa, kawa ce ta fi yawa. Kimanin shekara 6,000 da suka wuce sai launin jujin ya canza, wata 'yar ƙaramar kawa mai ƙwarya-ƙwarya da ke binne kanta cikin yashi ta karɓe wuri. Daidai wannan lokacin ne noma da kiwo suka shigo ƙasar. Ruwa ba ya tsami banza. A 1984 Peter Rowley-Conwy ya ce gishirin teku ne ya ragu, kawa ta mutu, mutane suka rasa abin da ke fisshe su a ƙarshen hunturu lokacin da dabbar daji ta rame, dole suka rungumi noma. Bayani ne mai daɗin ji, kuma Nicky Milner da ta yanka ɓawon kawar ta duba layukan girmansa ta tarar lallai yawanci a farkon bazara ake ɗibarta. Sai dai da aka haƙo lakar ƙasan mashigan aka auna, ba a ga faɗuwar gishirin nan yadda ake zato ba. Wasu suka ce laka ce ta riƙa cike mashigai tana binne duwatsun da kawa ke mannewa. Wasu suka ce mutum ne ya canza: wanda ke da shanu da gona ba ya da lokacin bin janyewar teku zuwa wuri mai zurfi, sai ya tsinci abin da ke kusa a yashi. Kuma a wasu jujin an ci gaba da cin kawa bayan zuwan noma. Ni dai ra'ayina, wanda ya ce miki sauyin nan yanayi ne zalla ko al'ada ce zalla ya faɗi abin da jujin bai faɗa ba.

Wani abu kuma da ke ruɗin ido shi ne yawan ɓawo. Geoff Bailey ya lissafa cewa sai an ci kawa sama da 50,000 kafin a sami ƙarfin abincin da ke jikin babbar barewar Turai guda ɗaya. Kawa 50,000 tudu ce guda, barewa kuwa ƙashinta bai cika kwando ba, shi ma kare ya raba. Sai a 1981 da Henrik Tauber ya auna sinadarin kabon a ƙashin mutanen kansu aka tabbatar lallai daga teku yawancin abincinsu yake, amma kifi da dabbobin ruwa ne ginshiƙin, kawa ciko ce.

Misalin da ya fi fitowa fili a wurina yana Afirka ta Kudu, a kogon Nelson Bay kusa da garin Plettenberg Bay. Yau in kina tsaye a bakin kogon, feshin igiyar ruwa na iya taɓa ki. Richard Klein ya tona shi a farkon shekarun 1970. A shimfiɗar can ƙasa, ta tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, babu katantanwar teku, babu kifi. Abin da ke akwai ƙashin jakin dawa ne, da barewa, da dangin kanki, da wata ƙatuwar ɓauna mai dogayen ƙahoni da ta ƙare a duniya. Duk masu kiwo ne a buɗaɗɗen fili mai ciyawa, kuma babu irin wannan fili a wurin yau. Ina ya tafi? Yana ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ruwan duniya ya daskare a kan tudu har teku ta yi ƙasa da wajen mita 120, gaɓa ta ja baya gomman kilomitoci daga kogon. Da ƙanƙara ta narke, teku ta matso, sai ga ɓawo da ƙayar kifi da ƙashin sil, wata dabbar teku mai shayarwa, sun fara bayyana a shimfiɗun da suka haura shekara 12,000 da kaɗan. A sama da su kuma masu kiwon ciyawa suka ja baya, mazo da ƙananan dangin gada masu son sarƙaƙiya suka karɓe. Me ya sa na yarda da wannan fiye da na Norsminde? Don shaidu da yawa ne da ba su haɗa baki ba: dabbar tudu, dabbar ruwa, gawayin itacen da aka ƙona, da zurfin ƙasan tekun da aka auna daban. Kuma masu bin al'adun masu ɗibar kawa na wannan zamani, kamar Betty Meehan da ta zauna da mutanen Anbarra a arewacin Ostireliya a farkon shekarun 1970, sun ga cewa ba a ɗaukar ɓawo mai nauyi zuwa nesa. Bayyanarsa a kogo tana nufin teku ta zo kusa.

A gaɓar ƙasar dai, a Pinnacle Point kusa da Mossel Bay, akwai ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun cin katantanwar teku, na kimanin shekara 164,000. Klein ya kuma lura cewa wata katantanwa mai siffar 'yar malafa da ke manne wa dutse ta fi girma a tsofaffin jujin fiye da na baya-bayan nan. Ya ce yawan jama'a ne ya ƙaru, ana ɗibarta kafin ta girma. Wasu suka ce a'a, zafin ruwa da yawan abincinta ne suka canza. Girman ɓawo shi kaɗai ba ya raba gardamar nan.

Akwai shaidun da na fi amincewa da su, su ne waɗanda mutum bai zaɓa ba. Ina ɗalibi aka ba ni wani kwali na ƙananan ƙasusuwa daga wani kogo in tantance. Na kwana uku ina ƙirga muƙamuƙan ɓera da jaɓa, na rubuta da alfahari cewa mutanen sun sha yunwa har sun koma cin ɓeraye. Malamina bai ce komai ba, ya sa haƙori ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ce in leƙa. Bakin haƙorin ya zaizaye kamar an lashe alewa. Ruwan cikin mujiya ne ya ci shi. Mujiya ce ke kwana a rufin kogon tana amayo gashi da ƙashi idan mutane sun tashi. Na ji kunya, amma ya ce in daina, don mujiya ta fi mutum amfani a wannan aiki: ba ta da ƙyama, ba ta da al'ada, ba ta ciniki, abin da ke yawo cikin 'yan kilomitocin da ke kewaye da ita shi take kamawa. Kowane ɓera kuma da irin wurin da yake so, na ciyawa daban, na dutse daban, na fadama daban. Haka ma 'yan mitsi-mitsin katantanwar da suka biyo ciyawar teku ko suka manne a bayan kawa aka kwaso da su ba da niyya ba. Matsalar ita ce ba a ganinsu sai an tace ƙasa da ruwa a rariya mai ido kamar milimita 1. Masu tonon da can da shebur suke yi suna tsince da hannu, shi ya sa in kin karanta tsohon rahoto ya ce mutanen wuri kaza manyan kifaye kawai suke ci, ki fara tambayar irin rariyar da aka yi aiki da ita.

Akwai abin da ɗalibanki za su iya gani da idonsu. In an dafa kan giwan ruwa, a fasa ƙoƙon a hankali ta ƙasan ƙwaƙwalwa. Za a sami 'yan fararen duwatsu guda biyu, masu santsi kamar tangaram. Duwatsun kunne ne, da su kifi yake ji yake daidaita kansa. Suna girma ne sahu-sahu muddin ransa, kamar zoben kututture. A tsibirin Oronsay na Sikotland, Paul Mellars da abokin aikinsa Wilkinson sun auna tsawon irin waɗannan duwatsu na wani kifi da ake haifa lokaci ɗaya a shekara kuma yake girma da sauri. Tsawon dutse ya ba su watan da aka kama kifin, suka gano a 1980 cewa jujin tsibirin na kimanin shekara 6,000 ba a lokaci ɗaya na shekara aka yi su a kowannensu ba.

Ciki kuma akwai ma'aunin zafi. Oksijin iri biyu ne ke shiga ɓawo da dutsen kunne, mai nauyi da mara nauyi. In ruwa ya yi sanyi mai nauyin yakan fi shiga. Ana kankaro gari daga kowane sahu a auna, sai a ga zafin ruwa yana hawa yana sauka shekara-shekara, sahun bakin ɓawo kuma ya nuna lokacin da aka kashe dabbar. Nicholas Shackleton ya gwada haka a 1973 da katantanwar kogon Nelson Bay, ya tarar a lokacin sanyi ake ɗibarta. Inda ake zamewa shi ne ruwan kogi da ruwan sama su ma suna canza wannan awo, don haka a bakin mashigi, raguwar gishiri tana iya yin kama da ƙaruwar zafi.

A Peru an yi wannan shari'ar har zuwa ƙarshe. Ruwan gaɓarsu mai sanyi ne, amma a wani kufai da ake kira Ostra aka sami kawa da kifin ruwan ɗumi na kafin shekara 5,800 da suka wuce. Daniel Sandweiss da abokansa suka ce a 1996 tekun ce ta fi ɗumi a lokacin, kuma El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun da ke zuwa gaɓar Peru bayan 'yan shekaru, bai riƙa zuwa yadda yake zuwa yanzu ba. Masu suka suka ce ƙila wani ɗan tafkin bakin teku ne mara zurfi da rana ke gasawa. Tambaya ce mai kyau. A 2002 aka auna duwatsun kunnen tarwaɗar teku daga jujin, aka sami ɗumin da ya ɗara na yau da digiri 3 zuwa 4. Bai rufe bakin kowa ba, amma ya ƙara nauyi a ɓangare ɗaya. A Japan kuwa, inda Edward Morse ya hango jujin Omori ta tagar jirgin ƙasa a 1877, an ɗora jujin zamanin Jomon, wato na mafarauta da masuntan ƙasar na can da, a kan taswira sai suka zana tsohuwar gaɓa, can cikin tudu gomman kilomitoci daga mashigin Tokyo na yanzu.

Mu a nan ba mu da teku, amma muna da gaɓar da ta ƙafe. A Gobero, cikin saharar Tenere ta Nijar, Paul Sereno ya je neman ƙashin dinaso a 2000 ya ci karo da maƙabarta a bakin tsohon tafki. Mazaunan farko, na kimanin shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce, sun bar ƙashin giwan ruwa manya-manya, da na dorina da kada. Kowane Sarkin Ruwa ya san giwan ruwa ba ta zama a kududdufi, sai ruwa mai zurfi mai iska. Bayan wani dogon fari da aka watse, waɗanda suka zo daga baya jujinsu ya fi karkata ga tarwaɗa da karfasa da kawar ruwan daɗi, alamar tafkin ya dawo amma bai kai da zurfi ba. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, na wancan zamani ne na ruwa.

Abu biyu na ƙarshe da ke sa mu taka a hankali. Kabon ɗin da ke cikin teku tsoho ne, don haka in aka auna shekarun ɓawo da kabon-14, sinadarin da ake auna tsufan abu da shi, yakan fito da tsufan kimanin shekara 400 fiye da gawayin da ke gefensa, a gaɓar da ruwan can ƙasan teku ke tasowa sama kamar ta Peru ma fiye da haka, sai an gyara lissafi. Na biyu, teku ba ta tsaya kusa da inda take yau ba sai kimanin shekara 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce. Shi ya sa yawancin manyan jujin duniya daga wannan lokaci suka fara, daga Denmak har na bakin kogin Salum a Senegal, inda tudun ɓawo 218 suka shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2011, wasu da kukoki a kansu da kaburbura a ciki. An daɗe ana karanta wannan a matsayin lokacin da ɗan Adam ya gano abincin teku. Alhali jujin mutanen da suka riga su yana ƙarƙashin ruwa ne. A Tybrind Vig ta Denmak masu nutso sun tono ƙauye guda a zurfin 'yan mitoci, da kwale-kwalensa da matuƙansa masu zane da ƙugiyar ƙashi da zaren yake ɗaure a jikinta har yanzu.